Les Thugs na Angers: Waƙar da Aka Binne Cikin Amo

Duk wanda ya taɓa wucewa kusa da inda samari ke sauraren kiɗan gita na Turawa, irin wanda ake cika wa lasifika wuta har ta riƙa kuka, ya san hukuncin da manya kan yanke nan take: wannan ba kiɗa ba ne, hayaniya ce. Hukuncin yana da sauƙin yankewa, kuma sau da yawa akwai gaskiya a cikinsa, domin kowace sana'a tana da masu rufe rashin iyawa da ɗaga murya. Sai dai akwai wasu makaɗa ƙalilan da suka ɗauki wannan hayaniyar a matsayin kayan aiki, kamar yadda magini ke ɗaukar laka, suka gina abu mai tsari da fasali da ita. Masu nazarin kiɗa suna kiran wannan reshe rok na amo. Daga cikin waɗanda suka ƙware a kansa, kuma aka tauye musu haƙƙi wajen yabo, akwai wata ƙungiya ta mutum huɗu daga birnin Angers na yammacin Faransa, mai suna Les Thugs, wadda ta yi aiki daga 1983 zuwa 1999.

Ɗalibin Faransanci yakan haɗu da Brassens da Brel da Barbara tun yana kwaleji, wani lokaci ma a ba shi baitocinsu ya yi sharhi a kansu kamar yadda ake yi wa waƙar Verlaine. Da wuya ya ji sunan Les Thugs, ko da ya kai jami'a. Abin lura shi ne, dalilan da suka sa aka manta da su a gida su ne dalilan da suka sa kiɗansu ya yi kyau. Sun binne muryar mawaƙi a cikin amo, sun yi waƙa da harshen da ba nasu ba, sun kuma ƙi fitar da wani tauraro daga cikinsu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ukun ya ƙara wa aikinsu ƙarfi, kowane ɗaya kuma ya rufe musu wata ƙofa.

Angers gari ne na lardi, kimanin kilomita 300 daga Paris, a bakin kogin Maine. An san shi da tsohuwar ganuwar sarakunan Anjou da kuma sanyin halin mutanensa. Malaman adabi za su tuna cewa a wannan yanki aka haifi Joachim du Bellay, wanda ya zauna a Roma yana begen laushin iskar ƙasarsu a cikin littafinsa Les Regrets na 1558. Ba wurin da za a zaci rugugi zai fito ba ne. Amma guguwar pank ta 1977, wadda ta koya wa matasan Turai cewa ba sai an je makarantar kiɗa ake kafa ƙungiya ba, ta isa har can. Ƴan'uwa biyu, Éric Sourice mai waƙa da gita da Christophe Sourice mai ganguna, suka haɗu da Thierry Méanard mai gita da Gérald Chabaud mai gitar bas, wato mai kaurin murya. Da Chabaud ya bar ƙungiyar wajen 1988, sai ɗan'uwansu na uku, Pierre-Yves Sourice, ya ɗauki bas. Daga nan har ƙarshe, uku daga cikin huɗun ƴan gida ɗaya ne. Sunan da suka zaɓa kuwa kalma ce da Ingilishi ya aro daga Indiya, inda Turawan mulkin mallaka suka laƙaba ta ga wasu gungun ƴan fashi masu shaƙe matafiya, daga baya ta koma nufin ɗan daba. Sunan ya fi su tsauri nesa ba kusa ba. Éric Sourice yana cikin waɗanda suka riƙe wani shagon faifai a Angers mai suna Black & Noir, wanda kuma ya riƙa fitar da faifan wasu ƙananan ƙungiyoyi. Ƴan dabar nan dai masu tsaron kanti ne.

Kafin a yi maganar kyan kiɗan, ya kamata a fahimci yadda ake samar da amon, domin ba haɗari ba ne. Gitar lantarki ba ta da wata murya ta kanta. Tsirkiyarta tana girgiza, wani ɗan maganaɗisu ya mai da girgizar wutar lantarki, na'urar ƙara sauti kuma ta kumbura ta. Idan aka tura wa na'urar abin da ya fi ƙarfinta, sai ta kasa fitar da sautin sumul, ta datse kansa, ya fito da kaushi. Wannan kaushin ba ɓarna kaɗai ba ne: yana haifar da wasu ƙananan sautuka a saman na asali, waɗanda da ba a jin su. Abu na biyu shi ne kukan nan da kowa ya sani a wurin taro, lokacin da makirufo ya matso kusa da lasifika. Idan mai gita ya fuskanci lasifikarsa, ƙarar da ke fitowa takan koma ta girgiza tsirkiya, tsirkiya ta sake aika wa lasifika, abin ya yi ta zagayawa ba tare da an taɓa komai ba. A wurin ɗaurin aure ana rugawa a kashe wannan kukan. Makaɗan amo kuwa sun koyi linzaminsa, suna tsawaita shi, suna lanƙwasa shi, suna yanke shi inda suke so.

Ba Les Thugs suka fara ba. Tun 1913 wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, ya rubuta takardarsa a kan fasahar amo, yana cewa kunnen mutumin zamanin injuna yana bukatar sabbin sautuka. The Velvet Underground na New York sun cika faifansu na 1968 da ƙara, The Stooges suka bi, sannan a shekarun 1980 aka sami Sonic Youth da Big Black da Hüsker Dü a Amurka, da The Jesus and Mary Chain a Birtaniya, waɗanda faifansu Psychocandy na 1985 ya nuna cewa ana iya zuba waƙa mai zaƙi a cikin kukan lasifika. Jacques Attali ma ya rubuta littafi sukutum a 1977, Bruits, a kan alaƙar amo da mulki. Les Thugs sun zo sun tarar da gona an riga an share. Abin da suka shuka a cikinta ne nasu.

Mai sauraro da ya sa faifansu karo na farko zai ji kamar an buɗe ƙofar injin niƙa. Gita biyu suna buga abu kusan iri ɗaya, da sauri, ba tare da sarari ba, har su zama bango. Ganguna suna gudu a miƙe, ba ado, ba kwana. Babu wurin da mai gita zai fito shi kaɗai ya nuna gwaninta na minti biyu kamar yadda aka saba a rok na manyan filaye. Wanda ya tsaya a nan zai ce duk waƙoƙin ɗaya ne, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ƙwarai ba. Amma idan ya daure ya kai waƙa ta uku ko ta huɗu, kunne yakan saba da duhun kamar yadda ido ke sabawa idan an shiga ɗaki daga rana, sai abubuwa su fara bayyana. Zai lura cewa gita biyun ba daidai suke ba: ɗaya tana riƙe ginshiƙi, ɗayar tana zamewa kaɗan sama ko ƙasa, kuma daga gogayyar da ke tsakaninsu wani kari na uku yana tasowa wanda babu mai buga shi. Zai lura cewa a ƙarƙashin rugugin akwai waƙa, gajeriya, mai sauƙin riƙewa, kuma kusan kullum mai baƙin ciki. Sannan zai ji amshi. Wannan shi ne tambarin ƙungiyar. Daga bayan ganguna, Christophe Sourice yakan ɗaga murya siririya, mai tsawo, sau da yawa ba kalma a cikinta sai wasali kawai, tana shawagi bisa amon kamar shirwa bisa kasuwa. Mutumin da hannuwansa ke yin mafi tsananin duka shi ne mai fitar da mafi taushin sauti. Duk sirrin Les Thugs yana cikin wannan haɗin: gudu da ƙarfi a ƙasa, kewa a sama, kuma babu wanda ya rinjayi wani.

Kunnen da ya tashi a ƙasar Hausa bai kamata ya yi baƙunta da wannan ba kamar yadda yake zato. Makaɗan gargajiya ba su taɓa neman sauti mai tsabta irin na piyano ba. Ana ɗaura igiya a kan fatar ganga don ta riƙa zuga idan an buga. Ana maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a kan wuyan garaya ko kuntigi don kowace tsirkiya ta zo da kacau-kacau a bayanta. Algaita ba ta san rarrashi ba, kakaki kuwa ba a yi shi don ya yi daɗi ba, an yi shi don ya cika fili ya girgiza ƙirji. Wanda ya cire waɗannan ƙarafa da igiyoyi da sunan gyara, ya kashe kayan kiɗan. Bambancin kawai shi ne na Angers sun sami zugarsu daga wutar lantarki.

Inda kunnen Bahaushe zai yi tuntuɓe da gaske shi ne wajen murya, kuma a nan ya yi tarayya da kunnen Bafaranshe. A al'adun biyu, waƙa magana ce. Mai sauraren Narambaɗa ko Shata yana bin zance ne, yana jiran habaici da kirari da salon da aka murɗa. Kotso da kalangu suna rakiya. Haka mai sauraren Brassens: gitarsa baiwa ce, kalma ita ce sarauniya. A situdiyon Faransa an saba ɗora murya a gaba, kiɗa a baya, don kada harafi ɗaya ya ɓace. Les Thugs suka juya wannan tsarin. Muryar Éric Sourice tana daidai da gita, wani lokaci ma a ƙasa da ita, kamar mutum yana kira daga tsallaken titi ana ruwa. Ba a jin duk abin da yake faɗa, kuma da gangan ne. Wannan zaɓi yana da ma'ana da ta wuce ta sauti. Ƙungiyar da ta sa mawaƙinta a gaba ta naɗa sarki, sauran sun zama fadawa. Wadda ta binne shi a tsakiyar ƴan'uwansa tana cewa babu sarki a nan. Masu adawa da shugabanci a cikin baitoci suna da yawa a rok. Waɗanda suka yarda adawar ta shafi matsayin muryarsu a faifai kaɗan ne.

Faifansu na farko ƙarami ya fito a 1985, babba na farko kuma, Radical Hystery, a 1986. A nan ana jin tasirin rok na gareji na shekarun 1960, kuma bangon bai gama tashi ba. Da Electric Troubles na 1987, wanda kamfanin Vinyl Solution na Landan ya fitar, suka sami muryarsu. A wannan shekarar John Peel, mai gabatar da shiri a rediyon BBC wanda kunnensa ya tono ƙungiyoyi da dama daga duhu, ya ba su damar naɗar waƙoƙi don shirinsa. Tun daga nan aka ga alamar yadda rayuwarsu za ta kasance: ƙofofin waje suna buɗewa kafin na gida.

Babbar ƙofar ta buɗe a Barlin a watan Oktoba na 1988, a wani taron ƙananan kamfanonin faifai masu zaman kansu. Bruce Pavitt da Jonathan Poneman, masu wani ɗan kamfani na birnin Siyatil a arewa maso yammacin Amurka mai suna Sub Pop, sun zo da ƙungiyarsu Mudhoney. Suka ga Les Thugs a dandali, suka ɗauke su. A lokacin Sub Pop ba kowa ba ne. A shekarar da ta biyo baya ya fitar da babban faifan farko na Nirvana, kuma da Nevermind ya fashe a 1991, duk da cewa wani babban kamfani ne ya fitar da shi, idon duniya ya koma kan Siyatil. Ƴan Angers suna cikin gidan tun kafin a fara rububin shiga. Sun zagaya Amurka a mota, suna kiɗa a ƙananan wurare, kuma Jello Biafra, tsohon mawaƙin Dead Kennedys, ya fitar da aikinsu a kamfaninsa Alternative Tentacles. A 1992, da wannan kamfani ya tara ƙungiyoyi don kowace ta sake wata waƙar Dead Kennedys a faifan Virus 100, Les Thugs suka ɗauki «Moon Over Marin», waƙar da ke kwatanta gaɓar teku da ƙazantar masana'antu ta kashe. A bakin Biafra waƙar ba'a ce mai ɗaci. A hannun ƴan Angers ba'ar ta janye, ta bar makoki. Wanda yake son ya gane abin da ƙungiyar ke yi wa waƙa, ya saurari biyun a jere.

Siyatil ɗin nan, a wani zagaye na tarihi, ita ce mazaunin kamfanin Sublime Frequencies da ya fitar da faifan Group Inerane na Agadas a 2007, da gitarsa mai kaushi da ƙura. Irin masu sauraren da suka karɓi Faransawa huɗu ba tare da sun damu da lafazinsu ba, su ne daga baya suka cika wuraren kiɗan Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ba tare da sun san kalma ɗaya ta Tamajak ba. Jama'a ce da ta saba sauraren gita kafin harshe.

Faifai biyu ne ƙololuwar aikinsu. Na farko I.A.B.F. na 1991, haruffan da ke nufin wata ƙungiyar duniya ta yaƙi da gundura, wadda ba ta wanzu ba sai a bangon faifan. Ya fito a shekarar yaƙin Tekun Fasha, kuma akwai waƙa a cikinsa da sunanta kawai kira ne a tsai da yaƙi. Amma abin da ya fi zama a zuciya shi ne «I Love You So», inda suka rage gudu, suka bar gita tana kuka kamar jiniya a nesa, aka maimaita ɗan zance guda har ya daina zama zance ya koma numfashi. Waƙar soyayya ce da aka yi da kayan yaƙi. A shekarar ce My Bloody Valentine suka fitar da Loveless a Birtaniya, aka yi ta yabonsu, kuma sun cancanta, a kan binne murya cikin hazon gita. Na Angers sun isa kusa da wannan wurin ta wata hanya, da ƙafa, ba tare da dogon zaman situdiyo ba.

Na biyu shi ne As Happy As Possible na 1993, wanda aka naɗa a Siyatil tare da Kurt Bloch na ƙungiyar Fastbacks. Sunan faifan ya ƙunshi duk halin ƙungiyar: farin ciki gwargwadon abin da ya samu. Ba su yi alkawarin aljanna ba, ba su kuma yi kukan fid da rai ba. A nan sautin ya fi faɗi, amshin ya fi fitowa, har akwai waƙar da sunanta ba kalma ba ne, gaɓa ɗaya ce aka maimaita, «Papapapa». Wanda bai taɓa jin su ba, daga nan ya kamata ya fara. Wanda ya fara daga nan kuma bai ji komai ba, to ya haƙura, sauran ba za su canza masa ra'ayi ba.

Strike, na 1996, Steve Albini ne ya naɗe shi, mutumin Chicago da ya yi wa Nirvana In Utero, wanda aka sani da ɗaukar ƙungiya yadda take a ɗaki ba tare da kwalliya ba, kuma ya rasu a 2024. A takarda haɗin ya dace ƙwarai. A kunne kuwa akwai abin cewa. Hanyar Albini tana raba kayan kiɗa, tana ba kowane wurinsa, a ji ganga a matsayin ganga, a ji iskar ɗakin. Ƙarfin Les Thugs kuma yana cikin narkewa, inda ba a sanin iyakar wannan gita da waccan. Sai faifan ya fito a bushe, bangon ya nuna tubalinsa. Duk da haka a cikinsa ne «Waiting» take, ɗaya daga cikin waƙoƙinsu mafi nauyi a zuciya, kuma bushewar ta yi mata amfani. Sunan faifan, yajin aiki, ya faɗo daidai lokacin da Faransa ke fitowa daga babban yajin ƙarshen 1995 da ya tsai da jiragen ƙasa makonni.

Saura batun harshe, wanda shi ne ya fi shafar malamai. Les Thugs sun yi waƙa da Ingilishi, Ingilishi na ɗan lakwal, mai gajerun jimloli da lafazin bakin kogin Loire da ba su yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. A shekarun 1980 kuwa, rok ɗin Faransa mai zaman kansa ya bunƙasa ne da Faransanci. Bérurier Noir, waɗanda suka yi bankwana a dandalin Olympia na Paris a watan Nuwamba na 1989, suna da taken da matasa ke rerawa a zanga-zanga, da kayan wasa da abin rufe fuska. Noir Désir na Bordeaux suna da mawaƙi mai baitocin da ake iya sharhinsu a aji, kuma Tostaky na 1992 ya kai su ko'ina. Les Thugs ba su da ko ɗaya: ba kayan wasa, ba baitin da za a rubuta a allo, ba fuskar da mujalla za ta sa a bango. Sannan doka ta zo ta ƙara ɗaure ƙullin. A watan Fabrairu na 1994 majalisar Faransa ta wajabta wa gidajen rediyo masu zaman kansu su ware aƙalla kashi 40 cikin 100 na waƙoƙin da suke sawa ga waƙoƙin harshen Faransanci, aka fara aiki da wannan a 1996. Manufar kare harshe ce daga ambaliyar Amurka, kuma duk wanda ya ga yadda babban harshe ke danne ƙarami ba zai raina ta ba. Amma sakamakonta ga ƙungiya irin wannan shi ne, a ma'aunin doka, ƴan Angers huɗu baƙi ne, sai su yi takara da manyan taurarin Amurka a kan ragowar kason. Ba za a ɗora wa dokar duk laifin ba, domin manyan gidajen rediyo ba su damu da su ba tun kafin ta. Ta dai sa hatimi a kan ƙofar da take rufe.

Shin kuskure suka yi? Mai kishin harshe zai ce e, kuma hujjarsa tana da ƙarfi: wanda ya bar harshen uwarsa ya bar rijiyar da ta fi zurfi, kuma gaskiya ne baitocin Les Thugs, idan aka rubuta su a takarda, ba su da yawan abin tonowa. Wasunsu take ne kawai irin na kwalin zanga-zanga. Sai dai a duba abin da suke nema. Faransanci a bakin Bafaranshe yana jan hankali zuwa kansa. Da zarar an ji shi, al'adar ƙarni da ƙarni ta tashi, mai sauraro ya fara auna kalma, ya nemi a rage gita don ya ji. Baƙon harshe ya ba su damar mai da murya kayan kiɗa na biyar. Da sun yi waƙa da Faransanci, da an tilasta musu fito da muryar gaba, da kuma amshin nan mara kalma ya zama ado maimakon ginshiƙi. Sun sayi sautinsu da farashin masu sauraren gida. Ana iya cewa farashin ya yi tsada; ba a iya cewa ba su sami abin da suka saya ba.

Akwai aibin da masoyansu ba su cika son a ambata ba. Hanyar da suka zaɓa ƙunƙuntacciya ce, kuma sun bi ta shekara 16 ba tare da sun kauce sosai ba. Sonic Youth sun yi ta sauya ɗaurin tsirkiya suna neman sabon ƙasa. Les Thugs sun tsaya a gona ɗaya suna zurfafa huɗa. A faifan da ya kai minti 40, akwai inda waƙa ta bakwai ke kama da ta uku har mai sauraro ya duba ko faifan ya koma baya. Nineteen Something na 1997, wanda ya fito ta wani reshe na kamfanin Virgin, ya sassauta, ya ƙara haske, kuma yana da waƙoƙi masu kyau, amma bai jawo taron da ake fata ba, bai kuma kai zafin na 1991 ba. Wannan maimaicin dai shi ne abin da ke sa kiɗan ya yi aiki a jiki idan an bar shi ya yi tsawo, kamar yadda kiɗan da ake kwana ana yi ba ya kama mutum a minti biyar na farko.

Faifansu na ƙarshe ya fito a 1999, kuma shi ne suka ba suna da Faransanci: Tout doit disparaître. Wannan rubutu ne da ƴan kasuwar Faransa ke mannawa a gilashin kanti idan za su karyar da kaya su rufe, ma'ana komai sai ya tafi. Mutanen da suka san tsaron shagon faifai sun san wannan takardar da kyau. Suka yi zagayen bankwana, suka watse ba tare da rigima a jarida ba.

A 2008 Sub Pop ya cika shekara 20, ya gayyace su bikin da aka yi a watan Yuli kusa da Siyatil. Suka amsa, suka haɗa da wasu ƴan wasanni a Faransa, suka kuma sa wa zagayen suna No Reform, don kada wani ya zaci dawowa ce. Da aka gama suka koma gida. Daga baya wani ƙaramin kamfani da ya ɗauki sunan faifansu na 1997, wanda Éric Sourice ke cikin masu riƙe shi, ya sake fitar da tsofaffin faifan. Éric da Pierre-Yves kuma suka kafa wata ƙungiya mai suna LANE tare da wasu matasan Angers, cikinsu har da wani ɗan gidan Sourice na tsara ta biyu yana riƙe da gita, suka fitar da babban faifansu na farko a 2019.